Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Majalisar Ƙasa Ta Falasɗinu A Kan Kujerar Kakakin Majalisar Dokoki

Zuwa ga Mai Girma Rawhi Fattouh, Shugaban Majalisar Ƙasa ta Falasɗinu, tare da dukan membobin Majalisar Tsakiya ta Ƙungiyar 'Yantar da Falasɗinu, wato PLO.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da kuma ta'aziyyar ɗimbin rayukan da aka rasa a Zirin Gaza da Gaɓar Yamma, ina rubuto muku ne daga cikin jama'ar da ke nesa da ku amma ba su taɓa ɗauke kunne daga labarinku ba. Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da suka amince da ƙasar Falasɗinu tun a watan Nuwamban 1988, kwanaki kaɗan bayan majalisar da kake shugabanta yau, wato babbar majalisar PLO, ta ayyana 'yancin kai a birnin Aljiyas. Wannan tsohuwar alaƙa ce ta ba ni ƙarfin halin sa baki a wani al'amari na cikin gidanku, wato kujerar kakakin Majalisar Dokokin Falasɗinu, wadda ta yi shekara da shekaru ba ta aiki, har ta kai ga an ɗauke babban nauyin da doka ta ɗora mata an kai shi wani wuri dabam. Na san akwai masu cewa mutumin da gidansa ya rushe, 'ya'yansa kuma na kwana da yunwa, ba shi da lokacin sauraron batun sashen doka. Gaskiya ne yana da abin da ya fi damunsa. Sai dai Shugaba Mahmud Abbas an haife shi ne a 1935, kuma ranar da kujerarsa za ta zama babu kowa a kai tana nan tafe ko ba jima ko ba daɗe. Wanda zai riƙe ragamar a wannan rana, da hujjar da zai riƙe ta da ita, su ne za su nuna ko mutumin can mai rusasshen gida zai wayi gari da hukuma guda ko kuma da wata sabuwar ɓaraka a kan wadda yake ciki.

Ranka ya daɗe, ba ni ne zan ba ka tarihin wannan kujera ba, domin ka taɓa zama a kanta. Amma wasiƙar a buɗe take, kuma da yawa daga masu karanta ta ba a haife su ba lokacin da aka kafa majalisar, saboda haka ina neman ka yi haƙuri in waiwayi baya. Yarjejeniyar Oslo ta biyu, wadda aka sanya wa hannu a watan Satumban 1995, ita ce ta samar da majalisar, aka yi zaɓen farko ranar 20 ga Janairun 1996, aka zaɓi wakilai 88. Da suka yi zamansu na farko a Gaza ranar 7 ga Maris na wannan shekara, kujerar kakaki ba a naɗa wa kowa ita ba, takara aka yi. Ahmad Ƙurai, wanda aka fi sani da Abu Ala, jagoran tattaunawar sirri ta Oslo, ya kara da Dakta Haidar Abdul Shafi, likitan nan na Gaza da ya jagoranci tawagar Falasɗinawa a taron Madrid na 1991, kuma yake da kakkausan ra'ayi a kan yarjejeniyar Oslo ɗin kanta. Abu Ala ya samu ƙuri'a 57, Dakta Haidar ya samu 31. Wannan ƙuri'a 31 tana da daraja a wurina ƙwarai, domin ta nuna cewa tun ranar farko fiye da kashi ɗaya cikin uku na wakilan sun iya juya wa ɗan takarar Yasir Arafat baya, a zamanin da ba a cika yi wa Arafat musu ba.

Babbar Dokar Falasɗinu, wadda ke matsayin kundin tsarin mulki na wucin gadi, ba ta ɗauki kakaki a matsayin mai raba lokacin magana kawai ba. Sashe na 50 ya ce majalisa ce ke zaɓensa tare da mataimaka biyu da babban sakatare, ya kuma hana shi haɗa wannan kujera da muƙamin minista ko wani muƙamin gwamnati, domin kada mai sa ido ya zama shi ne wanda ake sa wa ido. Sashe na 51 ya hana jami'an tsaro shiga harabar majalisa sai idan kakaki ko shugaban wani kwamiti ne ya nemi su shigo. Idan wakilai 10 suka buƙaci a kaɗa wa gwamnati ko wani minista ƙuri'ar yanke ƙauna, a gaban kakaki suke ajiye takardarsu, shi kuma dole ya sa ranar zama cikin wa'adin da doka ta ƙayyade. Sai kuma sashe na 37, wanda shi ne ƙashin bayan maganata: idan shugaban Hukumar Falasɗinawa ya rasu, ko ya yi murabus majalisa ta amince, ko aka tabbatar ya rasa cancantar riƙe muƙamin, kakakin majalisa ne zai riƙe shugabancin na tsawon da bai wuce kwana 60 ba, a cikinsu kuma a gudanar da zaɓe na kai tsaye. Hikimar wannan tsari a fili take. Mai riƙon ƙwarya mutum ne da jama'a suka zaɓa a akwati, sannan takwarorinsa suka sake zaɓensa a zaure, ba shi da runduna, ba kuma wanda ya bar kujerar ne ya nuna shi ba.

Ba zan ce zamanin Abu Ala zamani ne na majalisa mai cikakken iko ba. Mutumin Arafat ne, kuma sau da yawa aikinsa shi ne sanyaya zaure idan ya ɗauki zafi. Majalisar ta kammala Babbar Dokar tun a 1997, amma ta zauna a teburin Arafat ba sa hannu har watan Mayun 2002. A 1997 ɗin dai kwamitin majalisa ya binciki rahoton da ya nuna an yi almubazzaranci ko an karkatar da kimanin dala miliyan 326 na kuɗin jama'a, wakilai suka nemi a rushe majalisar ministoci, Arafat ya yi biris da su, Dakta Haidar ya yi murabus cikin takaici. Duk da haka zauren bai mutu ba. A watan Satumban 2002, ana tsaka da intifada ta biyu, wato boren Falasɗinawa a kan mamaya, tankokin Isra'ila na zagaye da Ramallah, wakilai suka tilasta wa majalisar ministocin Arafat yin murabus don kauce wa ƙuri'ar yanke ƙauna. A watan Maris na 2003 suka gyara Babbar Dokar suka ƙirƙiro muƙamin firaminista, wanda Mahmud Abbas ne ya fara riƙe shi. Wato matakin farko da ya ɗaga shugabanku na yau zuwa saman hukuma, a wannan zaure aka gina shi. Da Abu Ala ya zama firaminista a ƙarshen 2003 ya sauka daga kujerar kakaki kamar yadda doka ta tanada, Rafiƙ Natsha ya riƙe ta na 'yan watanni, sannan wakilai suka zaɓe ka a watan Maris na 2004.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ya sa na sa sunanka a kan wannan wasiƙa. Ranar 11 ga Nuwamban 2004 Arafat ya rasu a asibitin sojoji da ke wajen birnin Paris. Mutum ne da ya haɗa shugabancin PLO da na Fatah da na Hukumar Falasɗinawa a hannu ɗaya, bai kuma bar magaji ba, kuma masu sharhi da dama a duniya sun zuba ido su ga Falasɗinawa sun far wa juna. A ranar da ya rasu aka rantsar da kai a gaban majalisa a matsayin shugaban riƙon ƙwarya, mataimakinka Hasan Khuraisha ya riƙe zaure, aka sa ranar zaɓe. Ranar 9 ga Janairun 2005, cikin wa'adin da doka ta yanka, jama'a suka bi ta shingayen bincike suka kaɗa ƙuri'a, Abbas ya samu kusan kashi 62 cikin ɗari, Mustafa Barguti ya zo na biyu. Ranar 15 ga Janairu ka miƙa ragama ka koma kujerarka ta kakaki. Ba ka nemi a ƙara maka ko mako guda ba, alhali kana da uzurin mamaya da za ka iya kafa hujja da shi. Mu da ke Afirka ta Yamma mun ga darajar abin da ka yi makonni uku bayan nan, lokacin da Gnassingbe Eyadema na Togo ya rasu ranar 5 ga Fabrairun 2005. Can ma tsarin mulki shugaban majalisa ya ba riƙon ƙwarya, amma sojoji suka rufe iyakoki, suka bar Fambare Natchaba a waje, suka ɗora ɗan marigayin. Ƙasa mai cikakken 'yanci ta kasa abin da al'ummar da ke ƙarƙashin mamaya ta iya, kuma sashe na 37 ne ya ba ku wannan ɗaukaka.

Sai zaɓen 25 ga Janairun 2006, wanda aka yi bayan an ƙara kujeru zuwa 132. Jerin 'yan takarar Hamas ya samu 74, Fatah ta samu 45. Ranar 18 ga Fabrairu sabuwar majalisa ta zauna a rabe, wasu wakilai a Ramallah, wasu a Gaza, suna kallon juna ta allon bidiyo domin Isra'ila ba ta ba su izinin haɗuwa a zaure ɗaya ba, wasu kuma an zaɓe su ne suna cikin kurkuku, irin su Marwan Barguti. A wannan zama aka zaɓi Dakta Aziz Duwaik da ƙuri'a 70. Malamin ilimin labarin ƙasa ne a Jami'ar An-Najah da ke Nablus, mutumin Al-Khalil, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, yana kuma cikin mutum 415 da Isra'ila ta kora zuwa Marjuz Zuhur a kudancin Labanan a watan Disamban 1992. Ka miƙa masa kujerar kamar yadda ka miƙa wa Abbas tasa, ko da yake abokin hamayya ne. Amma tun a lokacin an soma shuka abin da ake girba yau. Kwanaki kaɗan kafin ta sauka, tsohuwar majalisa ta yi wani zama na ƙarshe ta ba shugaban hukuma ikon naɗa alƙalan kotun tsarin mulki, sabuwar majalisa kuma ta soke wannan a watan Maris, wakilan Fatah suka fice daga zaure. Kowane ɓangare ya soma kallon doka a matsayin makamin da zai riga ɗan'uwansa ɗauka.

Wanda ya fara kai wa kujerar hari da ƙarfin tuwo Isra'ila ce, kuma wajibi ne a faɗi wannan kafin a faɗi komai. Bayan kama sojanta Gilad Shalit a watan Yunin 2006, ta bi gida gida ta kwashe ministoci da 'yan majalisa, a watan Agusta kuma sojojinta suka kewaye gidan Dakta Duwaik a Ramallah suka tafi da shi. An kai lokacin da wakilai fiye da 40 ke tsare, kusan kashi ɗaya cikin uku na majalisar, har aka riƙa jera hotunansu a kan kujerun da ya kamata su zauna. Kakakin bai fito ba sai watan Yunin 2009. An sake kama shi a 2012, aka sake a 2014, aka kuma kama shi a watan Oktoban 2023 yana da shekara 75. Duk wanda ya ga hotonsa ranar da aka sake shi a watan Yunin 2024 ba zai manta ba: ya rame har da ƙyar ake gane shi, gashin kansa da gemunsa sun yi tsawo sun yi fari fat. Mataimakinsa na farko, Ahmad Bahar, wanda ya riƙe zaure a shekarun da yake kurkuku, ya rasu a watan Nuwamban 2023 sakamakon raunin da ya samu a harin Isra'ila a Gaza. A wannan watan ne kuma sojojin Isra'ila suka shiga zauren majalisar da ke birnin Gaza, suka ɗauki hoto a kan mumbarin shugabanni riƙe da tutarsu, daga baya suka tarwatsa ginin. Mai mamaya ya san abin da yake yi. Al'ummar da ba ta da zaɓaɓɓen wakili ta fi sauƙin a ce da ita babu wanda za a yi magana da shi a cikinta.

Hamas ma tana da nata kason, kuma ba ƙarami ba ne. Ranar 17 ga Maris na 2007, bayan sulhun da Fatah da Hamas suka yi a Makka, majalisa ta amince da gwamnatin haɗin kai da ƙuri'a 83, kuma kusan wannan ne babban aiki na ƙarshe da ta yi a matsayinta na majalisar kowa. Wata uku bayan nan Hamas ta karɓe Gaza da bakin bindiga. Da Shugaba Abbas ya kira sabon zango a watan Yulin 2007, wanda a cikinsa za a sake zaɓen shugabannin zaure kamar yadda ƙa'idar majalisar ta tanada, wakilan Hamas suka ƙaurace, domin sun san da 'yan'uwansu a kurkuku kujerar kakaki za ta kuɓuce musu. Tsoronsu yana da tushe, amma abin da suka yi daga baya ba shi da shi: suka ci gaba da zama su kaɗai a Gaza, suna ƙirga ƙuri'ar waɗanda ke tsare ta hanyar wakilci, suna fitar da dokoki da sunan majalisar da sauran jam'iyyu ba sa halarta. Hakan ya mayar da kujerar kakaki ta zama ta ƙungiya ɗaya a idon rabin al'umma.

Amma wannan wasiƙa ku na rubuto wa, saboda haka dole in daɗe a kan naku ɓangaren. Da Dakta Duwaik ya fito daga kurkukun Isra'ila a 2009, ba a bar shi ya koma ofishinsa a ginin majalisar da ke Ramallah ba, kuma ba sojan mamaya ne ya tare masa ƙofa a wannan karon ba. Daga 2007 zuwa yau ana mulkin Gaɓar Yamma ne da dokokin da shugaba ke fitarwa a ƙarƙashin sashe na 43, sashen da aka tanada domin lalurar da ba ta jira, da sharaɗin a gabatar da kowace doka ga majalisa a zamanta na farko. Waɗannan dokoki sun kai ɗaruruwa, sun zarce abin da majalisar farko ta zartar a shekara goma nesa ba kusa ba, babu kuma ko ɗaya da ta bi ta gaban kakaki. An ga sakamakon haka a dokar asusun kula da ma'aikata, wadda dubban mutane suka cika titunan Ramallah suna adawa da ita har aka dakatar da ita a watan Janairun 2019. Muhawarar da ya kamata a yi a kwamiti, a titi aka yi ta. A watan Afrilun 2016 shugaba ya kafa Kotun Tsarin Mulki ya naɗa alƙalanta shi kaɗai. Kafin shekarar ta ƙare an cire wa wakilai biyar rigar kariya, ciki har da Muhammad Dahlan, kuma waɗannan a tutar Fatah aka zaɓe su, abin da ke nuna cewa rashin majalisa ba Hamas kaɗai yake ci ba. A watan Disamban 2018 wannan kotu ta yanke hukuncin rushe majalisar tare da umarnin a yi zaɓe cikin wata shida, alhali babu inda Babbar Doka ta ba wani ikon rushe ta. Gyaran da aka yi wa Babbar Doka a 2005 ya ce wa'adinta yana ƙarewa ne ranar da sababbin wakilai suka yi rantsuwa, sashe na 113 kuma ya hana rushe ta ko da a lokacin dokar ta-ɓaci. An aiwatar da rabin hukuncin da ya shafi rushewa nan take, rabin da ya shafi zaɓe kuwa har yau ana jira.

An kusa a 2021. An sa ranar 22 ga Mayu domin zaɓen majalisa, jerin 'yan takara 36 suka yi rajista, fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda suka cancanta suka shigar da sunayensu. A ƙarshen Afrilu aka ɗage zaɓen ba tare da sa wata rana ba, da hujjar cewa Isra'ila ba ta ba da tabbacin za a yi shi a Gabashin Ƙudus ba. Ba na raina wannan hujja, domin Ƙudus ba abin wasa ba ce, kuma a 1996 da 2005 da 2006 an kaɗa ƙuri'a a gidajen waya na birnin. Sai dai ɗage zaɓe har sai mai mamaya ya yarda daidai yake da damƙa masa mabuɗin ɗakinka sannan ka zauna a waje kana jiran ya ga dama. Duk Bafalasɗinen da aka haifa bayan Janairun 1988 bai taɓa zaɓen ɗan majalisa ba, kuma manyansu yanzu sun doshi shekara 40.

Daga nan ne aka zo ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A watan Nuwamban 2024 Shugaba Abbas ya fitar da sanarwar tsarin mulki cewa idan kujerarsa ta zama babu kowa alhali babu majalisar dokoki, shugaban Majalisar Ƙasa, wato kai, shi ne zai riƙe ta na kwana 90, Majalisar Tsakiya kuma tana iya sabunta wa'adin sau ɗaya. A watan Afrilun 2025 ku membobin Majalisar Tsakiya kuka ƙirƙiro muƙamin mataimakin shugaba, aka ba Husain al-Shaikh. A watan Oktoban 2025 wata sanarwar ta fito ta ɗauke riƙon ƙwaryar daga hannunka ta mayar wa mataimakin. Cikin ƙasa da shekara guda an sauya magajin wucin gadi sau biyu da sa hannun mutum ɗaya, alhali sashe na 120 ya ce ba a gyara Babbar Doka sai da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisar dokoki. Ba ina magana ne a kan halin Husain al-Shaikh ko cancantarsa ba. Ina magana ne a kan cewa kwana 60 sun zama 90 da za su iya zama 180, kuma zaɓaɓɓe ya zama naɗaɗɗe. Ranar da za a buƙaci wannan tsari, wane dalili zai sa mutumin Khan Yunus ko na sansanin Jenin ya yi masa biyayya, tunda ba a tambaye shi ba, ba a kuma tambayi wanda ya zaɓa ba?

Na san amsar da ake bayarwa, cewa PLO ce uwa, Hukumar Falasɗinawa 'yarta ce, saboda haka idan 'ya ta gaza sai al'amari ya koma ga uwa. Ina girmama Majalisar Ƙasa da tarihinta tun zamanta na farko a Ƙudus a 1964, da mutanen da suka shugabance ta irin su Khalid al-Fahum da Shaikh Abdul Hamid as-Sa'ih da Salim Za'anun wanda ka gada a watan Fabrairun 2022. Ita kaɗai ce ke ɗauke da sunan Falasɗinawan da ke sansanonin Labanan da Siriya da Jodan, waɗanda majalisar dokoki ba ta wakilta. Amma ku ma kun san membobinta ba a akwati aka zaɓe su ba, rabon kujeru ne tsakanin ƙungiyoyi, cikakken zamanta na 2018 a Ramallah ya zo ne bayan shekara 22 da na 1996, kuma Hamas da Jihadil Islami da ƙungiyar PFLP mai ra'ayin gurguzu ba su halarce shi ba. Majalisar da ita kanta take buƙatar a sabunta ta ba za ta iya ba wani halaccin da akwati ne kaɗai ke bayarwa ba. Akwai kuma amsar da ba a cika faɗa a fili ba, wato tsoron kada riƙon ƙwarya ya faɗa hannun ɗan Hamas, duniya ta yanke tallafi, Isra'ila ta kama shi a daren farko. Wannan tsoro na gaske ne, amma maganinsa shi ne sabon zaɓe da zai samar da sabon kakaki. An ƙi yin zaɓen saboda tsoron sakamakonsa, sannan aka kafa hujja da rashinsa aka kwashe ikon kujerar.

Abin da nake roƙonku bai fi ƙarfinku ba. Tunda shugaba ya yi wa duniya alkawarin zaɓe bayan yaƙi, ƙasashe irin su Birtaniya da Faransa da Kanada da Ostireliya kuma sun amince da ƙasar Falasɗinu a watan Satumban 2025, ku yi amfani da zamanku ku tsayar da ranar zaɓen majalisar dokoki wadda babu mai ikon ɗage ta shi kaɗai, ku kuma shirya tun yanzu yadda mutanen Ƙudus za su kaɗa ƙuri'a ko Isra'ila ta so ko ta ƙi, a masallatai da majami'u da makarantu idan ta kama. Ku rubuta a fili cewa duk wani tsarin riƙon ƙwarya da aka yi da sanarwa zai faɗi ranar da sabuwar majalisa ta zaɓi kakakinta, kuma duk kundin da za a rubuta nan gaba ya bar wannan nauyi a kan zaɓaɓɓiyar kujera da gajeren wa'adi. Akwai kuma ramuka biyu da shekarun nan suka tona, waɗanda ya kamata a cike kafin a san wanda zai ci zaɓe, domin a lokacin ne kowa zai yarda da adalci. Na farko shi ne a amince da ƙa'idar da za ta hana kurkukun Isra'ila sauya rinjaye a zaure, ta yadda wakilin da aka tsare ba zai rasa ƙuri'arsa ba, kakakin da aka tsare kuma mataimakinsa zai tsaya masa da cikakken iko. Na biyu shi ne majalisa ta iya buɗe zangonta da kanta a ranar da doka ta sa, ba sai ta jira kiran shugaba ba. Idan ta zauna, a kawo mata dukan dokokin da aka fitar tun 2007 ta duba su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda sashe na 43 ya umarta.

Ranka ya daɗe, a cikin duk masu zama a Majalisar Tsakiya babu wanda ya fi ka cancantar gabatar da wannan ƙuduri, domin kai kaɗai ne ka taɓa karɓar shugabanci a ƙarƙashin sashe na 37 ka mayar da shi, kuma yanzu da riƙon ƙwaryar ya bar hannunka babu mai zarginka da neman wani abu don kanka. Ina roƙonka ka sa wannan batu a jadawalin zama na gaba, ka kuma nemi a kaɗa ƙuri'a a kansa a bainar jama'a, kowane memba da sunansa.

Wassalamu alaikum.